MOTSA JIKI BAYAN RAUNIN LAKA: DARASI GA MAJINYACI DA MAI JINYA

  

Darasin wannan mako ya shafi wani al'amari ne da ya shiga gidaje da dama, amma ba a cika ɗauko shi a majalisin karatu ba, watau halin mutumin da ya samu rauni a lakarsa har ƙafafunsa suka shanye, ko ma ƙafafu da hannuwa gaba ɗaya. Mutum ya fita da safe a kan ƙafafunsa, haɗarin mota ko na babur ya rutsa da shi, ko ya faɗo daga bishiya ko daga kan gini, ko harsashi ya same shi a gadon baya, sai a wayi gari an dawo da shi gida a kwance. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum fiye da miliyan 15 ne ke rayuwa da irin wannan rauni a duniya, kuma maza sun fi yawa a cikinsu. Abin da ake so mai karatu ya fahimta shi ne, me ya rage wa irin wannan bawan Allah, me ya wajaba a kansa game da jikinsa, me kuma ya wajaba a kan danginsa.

MECE CE LAKA?

Ƙashin bayan ɗan Adam jerin ƙananan ƙasusuwa ne guda 33, an ɗora wani a kan wani: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a tsatso, sauran kuwa a haɗe suke can ƙasa wajen ƙugu. A cikin ramin waɗannan ƙasusuwa laka ke bi, daga ƙwaƙwalwa har zuwa farkon tsatso, kuma daga jikinta ne jijiyoyi tagwaye 31 suke fita zuwa sassan jiki. Ta nan ne umurnin ƙwaƙwalwa ke sauka zuwa ga tsoka, ta nan kuma labarin zafi da sanyi da taɓawa ke hawa zuwa ƙwaƙwalwa. Idan laka ta samu rauni, to, abin da ke ƙasa da wurin raunin shi ne ke yankewa daga wannan saƙo.

Sabo da haka, gwargwadon tsawon wurin da raunin yake, gwargwadon abin da zai shafa. Wanda ya ji rauni a wuya, hannuwa da ƙafafu duk sukan taɓu, wani lokaci har da numfashi. Wanda kuwa raunin ya same shi a bayan ƙirji ko tsatso, hannuwansa lafiya lau suke, ƙafafu ne da mafitsara da hanji ke samun matsala. Har ila yau, wani raunin yakan yanke saƙon gaba ɗaya, wani kuwa yakan bar ragowa. Mai ragowar nan shi ya fi sa ran samun ci gaba, musamman a cikin shekara ta farko. Likita ne kaɗai zai iya tantance wannan bayan ya yi gwaji, don haka bai halatta wani ya yi wa majinyaci alkawarin miƙewa ba tare da ilimi ba, bai kuma halatta ya yanke masa ƙauna ba.

KWANCIYA TA FI RAUNIN ILLA

A al'ada, da zarar an sallamo mutum daga asibiti, sai a shimfiɗa masa katifa a ƙuryar ɗaki, a riƙa kawo masa abinci, 'yan dubiya su yi ta zuwa mako biyu ko uku, sa'an nan ƙafa ta ɗauke. Dangi suna ganin sun yi jinƙai da suka hana shi ko da ɗaga kofin ruwa. To, amma binciken likitoci ya nuna cewa abin da yake hallaka mai raunin laka bayan ya tsallake kwanakin farko, yawanci abubuwan da zaman wuri ɗaya ke haifarwa ne. Na farko gyambon kwanciya, wanda ke fitowa a ƙugu da ɗuwawu da diddige inda ƙashi ke danne fata, alhali mutumin ba ya jin zafin da zai sa ya juya. Na biyu ciwon mafitsara da ke hawa zuwa ƙoda. Na uku ciwon huhu. Sai kuma daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa, da sandarewar gaɓoɓi, daga bisani kuma ƙiba da ciwon sukari da ciwon zuciya. A kan dukan waɗannan akwai baƙin ciki, wanda yake cin mutum fiye da yadda gyambo ke cin fata.

LABARIN ASIBITIN STOKE MANDEVILLE

Tun zamanin tsohuwar Masar masu magani suke lissafa raunin laka a cikin cututtukan da ba a wahalar da kai wajen yi musu magani. Haka abin ya ci gaba har Yaƙin Duniya na Farko, inda mafi yawan sojojin da suka samu wannan rauni suka mutu ba da daɗewa ba.

A cikin watan Fabrairu na shekarar 1944 gwamnatin Ingila ta buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville, ta damƙa shi a hannun Dakta Ludwig Guttmann, wani likitan ƙwaƙwalwa Bayahude da ya gudo daga Jamus a 1939. Wannan likita ya kafa doka cewa a juya kowane majinyaci bayan kowace awa 2, dare da rana. Ya tsananta wajen tsabtar fitar da fitsari. Ya kuma ƙi yarda a bar mutane a kwance ana ɗura musu maganin barci. Ya sa a tashe su zaune, a ɗora su a keke, a koya musu sana'o'i irin su sassaƙa da gyaran agogo da buga tafireta. Daga nan ya shigo da wasanni a matsayin wani ɓangare na magani, musamman harbin kibiya, domin jan baka yana ƙarfafa kafaɗu da gadon baya, yana kuma koya wa mutum daidaita zamansa.

Ran 29 ga watan Yuli, 1948, ranar da aka buɗe wasannin Olamfik a Landan, ya shirya gasar harbi a filin asibitin, inda mutum 16 suka fafata a kan kekunansu, maza 14 da mata 2. A 1952 wata tawaga daga Holan ta zo ta shiga. A 1960 aka kai gasar birnin Rum, 'yan wasa wajen 400 daga ƙasashe 23 suka halarta, kuma ita ce ake ɗauka a matsayin gasar naƙasassu ta duniya ta farko. Nijeriya ta fara shiga wannan gasa a Basalona a 1992. Dakta Guttmann ya rasu a 1980, bayan ya ga mutanen da a da ake jiran mutuwarsu sun yi aure, sun kama aiki, sun tsufa. Bai haɗa lakar kowa ba. Abin da ya yi shi ne ya tsare sauran jikin daga lalacewa, ya kuma horar da abin da ya rage.

MATSAYIN SHARI'A

Hikima ɓatacciyar dukiyar mumini ce, kuma abin da wannan likita ya gano bai saɓa wa koyarwar Musulunci ba. Jiki amana ce, yana da haƙƙi a kan mai shi, kuma raunin wani sashe ba ya sauke haƙƙin sauran sassan. Manzon Allah (S.A.W.) ya yi umurni da neman magani, ya kuma bayyana fifikon mumini mai ƙarfi a kan mai rauni, tare da tabbatar da cewa akwai alheri a cikin kowannensu. Ya hana mutum burin mutuwa sabo da wata cuta da ta same shi. Shi da kansa ya yi tsere da Nana A'isha, ya yi kokawa da Rukana, ya kuma ƙarfafa sahabbai a kan harbin kibiya.

Wasu sukan ɗauka cewa haƙuri shi ne mutum ya naɗe hannu ya zauna. Malamai kuwa sun fassara haƙuri da tsare zuciya daga fushi da hukuncin Allah, da tsare harshe daga ƙorafi, da tsare gaɓoɓi daga abin da Allah ya hana. Babu inda aka ce a bar sababi. Ko Annabi Ayuba, wanda ake buga misali da haƙurinsa, lokacin da waraka ta zo sai da aka umurce shi ya buga ƙasa da ƙafarsa, ya yi wanka, ya sha, kamar yadda ya zo a Suratu Sad. Majinyacin da yake cije haƙori kullum safiya yana jan igiya don ya iya sauka daga gado da kansa, yana cikin haƙuri mafi girma, kuma idan ya yi niyyar samun ƙarfin ibada da ciyar da iyali da sauƙaƙa wa masu jinyarsa, to, atisayen nan nasa ibada ne.

Akwai darasi ga dangi a ƙissar Amru ɗan Jamuhu, sahabin da ke da gurgunta mai tsanani. Da za a fita yaƙin Uhudu a shekara ta 3 bayan Hijira, 'ya'yansa suka so hana shi, domin Allah ya yi masa uzuri. Ya kai ƙara wurin Annabi (S.A.W.), sai ya tabbatar masa da cewa fita ba ta wajaba a kansa ba, amma ya ce wa 'ya'yan kada su tsare shi. Ya fita, ya kuma yi shahada a ranar. Uzurin da Suratun Nur da Suratul Fathi suka ba gurgu rangwame ne gare shi, ba hujja ba ce ga dangi su hana shi abin da yake iyawa kuma yake so. Ata'u ɗan Abu Rabaha, muftin Makka a zamanin tabi'ai, gurgu ne mai shanyayyen hannu, daga baya ma ya makance, amma manyan malamai suka durƙusa a gabansa. Ibn Sina kuwa, wanda ya rasu a 428 bayan Hijira, ya sa motsa jiki a kan gaba cikin hanyoyin kiyaye lafiya a littafinsa Alƙanun, kafin abinci da barci, ya kuma nuna cewa kowace gaɓa tana da irin motsin da ya dace da ita.

YADDA HORON YAKE

Sharaɗin farko shi ne izinin likita, domin ba a fara horo mai nauyi sai ƙashin ya kama, ko aikin da aka yi masa ya warke. Manyan asibitoci, irin su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, suna da sashen gashi, kuma ma'aikatan wannan sashe su ne ya kamata su tsara wa kowa abin da ya dace da irin rauninsa. Abin da ke tafe bayani ne na gaba ɗaya.

Na ɗaya, miƙe gaɓoɓi. Kullum a lanƙwasa kowace gaɓa da ta shanye, a miƙe ta a hankali har iyakarta, tun daga ƙugu da gwiwa zuwa idon sawu da yatsu. Ba a fizga, domin ƙasusuwan da ba sa ɗaukar nauyi sukan yi laushi, suna iya karyewa mutum bai ji ba.

Na biyu, koyon zama. Wanda ya daɗe a kwance, idan aka tashe shi farat ɗaya jiri yakan ɗebe shi sabo da jininsa ya sauka. A riƙa ɗaga shi kaɗan kaɗan da matasai. Idan ya saba, sai ya koyi zama a bakin gado yana dafe da hannu biyu, sa'an nan hannu ɗaya, har ya saki gaba ɗaya in rauninsa ya bari.

Na uku, ƙarfin hannu da kafaɗa, domin su ne suka zama ƙafafunsa. Ba sai an sayi kayan ƙarfe masu tsada ba: gorar ruwa da aka cika da yashi, da igiyar roba da aka ɗaura a ƙyauren taga, sun isa farawa. Mai tura keke kullum turawa yake yi, sabo da haka tsokar gaban kafaɗa takan rinjayi ta baya, ciwon kafaɗa ya biyo. Maganin wannan shi ne ya yawaita atisayen jawowa, kamar mai jan guga, don bayan ma ya yi ƙarfi.

Na huɗu, horar da zuciya da huhu, ta hanyar tura keke a fili mai laushi, ko juya feda da hannu, ko naushin iska a zaune, ko wasan ƙwallo, har numfashi ya ƙaru amma mutum yana iya magana.

Na biyar, dabarun yau da kullum: juyi a kan gado, sauka daga gado zuwa keke, shiga makewayi, sa tufafi, da hawa ɗan tudu. Wannan shi ne amfanin dukan sauran.

Game da adadi, wani ayarin masana daga ƙasashe daban daban ya fitar da ƙa'ida da aka buga a 2018. Sun ce don samun ƙarfi, baligi mai raunin laka ya yi aƙalla minti 20 na motsin da ke ƙara bugun zuciya sau 2 a mako, tare da zagaye 3 na atisayen ƙarfi ga kowane rukunin tsoka mai aiki, shi ma sau 2 a mako. Don kare zuciya da daidaita sukari da kitse kuwa, aƙalla minti 30 sau 3 a mako. Wanda bai kai nan ba ya fara da minti 5, ya riƙa ƙarawa. Sannu ba ta hana zuwa, kuma hadisi ya tabbatar da cewa aikin da aka dawwama a kansa, ko da kaɗan ne, shi ya fi soyuwa ga Allah.

ABUBUWAN DA ZA A KIYAYE

Wanda rauninsa yake daga ƙashi na 6 na bayan ƙirji zuwa sama yana cikin haɗarin wani hawan jini na farat ɗaya. Alamominsa su ne ciwon kai mai sara, da gumi da jan fata a saman wurin raunin, da toshewar hanci. Mafi yawan abin da ke jawo shi cikar mafitsara ce, ko toshewar robar fitsari, ko taurin bayan gida, ko matsattsen tufafi. Idan haka ta faru a dakatar da horo nan take, a zaunar da shi a miƙe, kada a kwantar da shi, a sassauta tufafi, a fitar da fitsari. In bai lafa ba a garzaya asibiti, domin yana iya kisa.

Sai zafi. Sashen da ya shanye ba ya yin gumi yadda ya kamata, don haka jiki ba ya iya sanyaya kansa. A ƙasa mai zafin bazara wannan babban al'amari ne. A yi horo bayan asuba ko da yamma liƙis, a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa a fuska da wuya. A watan azumi a mayar da shi bayan buɗa baki, kuma wanda likita amintacce ya ce ƙarancin ruwa zai cutar da ƙodarsa yana cikin marasa lafiyar da aka yi wa rangwame.

Sai fata. Mai zama a keke ya riƙa ɗaga jikinsa ko ya karkata gefe bayan kowane minti 15 zuwa 30. A duba fata safe da dare, da madubi in ya samu. Jan tabon da bai gushe ba bayan an ɗauke nauyi daga kansa, farkon gyambo ne. Kada a sake zama a kansa sai ya ɓace. A kiyayi ruwan zafi, da kaskon wuta lokacin hunturu, da ƙarfen keken da ya sha rana.

LADUBBAN MAI HORARWA

Mai horarwa, ko ma'aikaci ne ko ɗan'uwa, amana ce a hannunsa. Ya faɗi gaskiya, kada ya ci kuɗin mutane da alkawarin abin da ba ya hannunsa. Ya tsaya iyakar saninsa, ya mayar da abin da ya fi ƙarfinsa ga likita. Ya nemi izini kafin ya taɓa jikin majinyaci ko kekensa, ya suturta al'aurarsa, ya rufe sirrinsa idan fitsari ko bayan gida ya kuɓuce masa. Namiji ya horar da namiji, mace ta horar da mace matuƙar an samu, in kuwa lalura ta sa, a tsaya gwargwadonta ba tare da keɓancewa ba. Ya yi magana da majinyacin kai tsaye, ba ya riƙa tambayar na kusa da shi kamar ba ya wurin ba. Ya sa masa buri na kusa wanda zai iya cimma, alal misali, a wannan wata zai yi alwala da kansa. Kuma ya daure ya bar shi ya yi fama da maɓallin rigarsa, ko da zai ɗauki minti goma. Wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya fita, shi ya fi kowa iya ƙarfafa sabon majinyaci, don haka a riƙa haɗa su.

SALLA DA TSARKI

Salla ba ta faɗuwa matuƙar hankali yana nan. Imrana ɗan Husaini ya yi fama da basir, Annabi (S.A.W.) ya umurce shi ya yi salla a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kan gefensa. Littafin Ahalari ya jera halaye 7: tsaye ba jingina, tsaye da jingina, zaune ba jingina, zaune da jingina, sa'an nan gefen dama, gefen hagu, da rigingine. Jeranta huɗun farko wajibi ne, jeranta ukun ƙarshe mustahabbi. A nan mai karatu zai ga yadda koyon zama ya haɗu da fiƙihu, domin wanda ya kai ga iya zama ba jingina, to, a haka zai yi sallarsa ta farilla. Wanda ba ya iya sujada ya yi nuni, nunin sujada ya fi na ruku'u ƙasa.

Game da yoyon fitsari, a mazhabar Imamu Malik idan yana zuwa rabin lokaci ko fiye ba ya warware alwala. Ya halatta wani ya taimaka wa mara lafiya wajen alwala, in kuwa babu mai miƙo masa ruwa, ko ruwan zai cutar da shi, sai ya yi taimama. Ɗawafi a kan keke ya inganta ga mai uzuri, domin an ba Ummu Salama izinin yin ɗawafi a kan abin hawa lokacin da ba ta da lafiya. Bushara kuma ita ce, hadisi ya nuna ana rubuta wa mara lafiya ladan ayyukan da ya saba yi lokacin da yake da lafiya.

HAƘƘIN JAMA'A

Malaman tarihi sun ruwaito cewa Halifa Walidu ɗan Abdulmalik ya sa wa kowane gurgu mai hidima, kowane makaho ɗan jagora, daga baitulmali. A Nijeriya an sa hannu a kan dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu a watan Janairu na 2019, wadda ta tanadi a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke zai iya shiga. Kwamitin kowane masallaci ya dubi ƙofarsa da wurin alwalarsa: matakala uku sun isa su raba mutum da jam'i har ƙarshen rayuwarsa, alhali buhun siminti kaɗan zai yi gangaren da zai shigo da shi. Mawadata su sani cewa keke mai kyau da matashin zama da jarin sana'a sun fi sadakar da ake jefawa a kwano. Masu kai ɗauki wurin haɗari kuma su daina fizgo mutum ta hannu da ƙafa. A tsare wuyansa da bayansa a miƙe, a ɗauke shi a kan abu mai tauri, domin sau da yawa ɗaukar ganganci ce take ƙarasa lakar da haɗarin ya bari.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri, ya sa abin da ya same su ya zama kaffara.